Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: An Koya Musu Sana'a, Saura Mai Saye

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Injiniya Abba Kabir Yusuf,
Gidan Gwamnati, Kano.



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan makafi da guragu da kurame da sauran masu lalurar naƙasa na wannan jiha, da yadda za su ci abinci da guminsu. Magana ɗaya nake ɗauke da ita. Gwamnatoci da ƙungiyoyi sun daɗe suna koya wa naƙasassu sana'a, suna raba musu kayan aiki, amma kullum ana mantawa da mutumin da sana'a ba ta tsayuwa sai da shi, wato mai saye. Gwamnatin jiha kuwa tana cikin manyan masu sayayya a Kano. Roƙona shi ne ku ware wani kaso sananne na abin da gwamnati take saya kowace shekara, a riƙa sayensa daga hannun naƙasassu masu sana'a, sannan a tsara duk wani horo da za a ba su a kan wannan ciniki.

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna musu wariya, wadda ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukumar da ta karya ta, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya. Dokar ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020, Kano ma tana da tata dokar. Mutanen da ake magana a kansu kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Kano tana da nata dalilin na musamman, domin ta daɗe tana cikin wuraren da cutar shan inna ta fi yi wa ɓarna, musamman bayan dakatar da rigakafi a 2003 zuwa 2004. An tabbatar da kawar da nau'in cutar na asali daga Afirka a watan Agustan 2020, amma yaran da ta shanye wa ƙafafu a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata masu neman abin yi, wasunsu har da iyali.

Kashi 5 na guraben aiki haƙƙi ne, ya kamata a cika shi, a kuma bayyana wa jama'a adadin da kowace ma'aikata ta ɗauka. Sai dai ko an cika shi cif, mutum nawa zai ɗauka? Aikin gwamnati yana neman takarda, yawancin naƙasassun da suka girma a ƙauyuka da lungunan birni kuwa ba su samu zama a aji ba. Wani makarantar ce ta yi masa nisa, wani ba a samu malamin da ya iya maganar hannu ko rubutun makafi ba, wani iyayensa ne suka ga bara ta fi saurin kawo na cefane. Mutanen Kano da kasuwa da sana'ar hannu suke rayuwa: Kantin Kwari da Sabon Gari da Kurmi da Ƙofar Wambai da Dawanau, da rumfunan teloli da maƙera da masu gyaran waya. Duk tsarin da zai fitar da naƙasassu daga talauci dole ya bi ta wannan ƙofa, domin a nan abincin mafi yawan jama'a yake.

Kowa ya san yadda shirin koyar da sana'a yake gudana a ƙasar nan. A tara mutane na 'yan makonni, a nuna musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren tsuguno, ko a zaunar da su gaban keken ɗinki su koyi bin layi. Ranar yaye ɗalibai a kafa rumfa, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe cikin ledarsu, a miƙa takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Gurguwar da ta koma gida da keken ɗinkinta sai ta tarar a layinsu akwai teloli uku da suka shekara goma suna ɗinki, kowace uwar gida ta riga ta san inda take kai atamfarta. Ba ta da kuɗin zare da shafi, balle na hayar shago. Keken ma na ƙafa ne, ba wanda ya tuna a sauya masa hannu ko a sa masa mota. Idan wata ta yi niyyar kawo mata ɗinki, sai a ce mata kada ta yi asarar yadinta. Bayan wata biyu ciwo ko yunwa ta taso, a kai keken kasuwa a sayar da shi ƙasa da kuɗinsa. Daga nan sai a ce ai naƙasassu ba sa son sana'a, bara suka saba. Alhali ko mai ƙafa biyu aka yi wa horon wata ɗaya aka sake shi babu jari babu ciniki, ƙarshensa ke nan.

Batun ko za su iya aiki kuwa, tarihi ya riga ya amsa shi. A ƙasar Hausa an san makafi da tufkar igiya tun kafin zuwan Turawa, kuma suna da sarakunansu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta jama'arsu da yi musu magana a fada. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji suna cikin abin da ake karantarwa a jami'o'i har yau. A nan Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta naƙasa ta daɗe da wurin ƙirarta, inda guragu suke yanka bututun ƙarfe, su lanƙwasa, su yi walda, su ɗaura sarƙa da ƙafafun keke, su fitar da keken da ake tuƙawa da hannu. A Jos, cibiyar Beautiful Gate da Ayuba Gufwan ya jagoranta ta ƙera dubban irin waɗannan kekuna, shi kansa kuma a 2024 aka naɗa shi shugabancin hukumar naƙasassu ta ƙasa. A wasannin Olamfik na Landan a 2012 Najeriya ta dawo hannu rabbana, amma naƙasassunta suka dawo da lambobi 13, shida daga ciki na zinariya. A Rio a 2016 masu lafiya tagulla ɗaya suka samo, naƙasassu suka kawo zinariya 8. Abin lura a wuraren ƙera kekuna shi ne sun rayu ne saboda akwai masu ba su aiki da yawa a lokaci guda, ƙungiyoyin agaji da masu hannu da shuni. Duk lokacin da odar ta tsaya, aikin ma sai ya ja baya. Wannan shi ne dalilin wasiƙata.

Gwamnatinku ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kun faɗa da bakinku cewa ɗimbin yara a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma an raba wa 'yan firamare kayan makaranta kyauta. Kowace riga da wando da hijabi a cikin waɗannan kaya wani ne ya ɗinka. Kowane benci da tebur da za a kai aji, kafinta ne ko mai walda zai yi shi. Asibitocin jiha suna buƙatar zanen gado da labule da rigunan ma'aikata da sabulu da tsintsiya da kekunan marasa lafiya da sandunan dogarawa. Makarantun kwana suna buƙatar gadaje da katifu da takalma. Ma'aikatu suna buga takardu da ɗaure littattafai da gyaran kwamfuta. Wannan kuɗi ne da za a kashe ko da naƙasasshe ko babu shi, a ƙananan hukumomi 44. Abin da nake nema shi ne a saka a dokar bayar da kwangila ta jiha cewa wani kaso na waɗannan kayayyaki, ko da kashi 5 ne daidai da na guraben aiki, za a saye shi daga ƙungiyoyin haɗin gwiwa da kamfanonin da naƙasassu suka mallaka kuma suke aiki a cikinsu da hannunsu. A rarraba kwangilar ƙanana yadda ƙungiyar mutum ashirin za ta iya ɗauka, a ba da kuɗin somin aiki, a biya ragowar cikin wata guda da kai kaya. Jinkirin biya da babban ɗan kwangila zai iya jurewa, shi ne yake kashe ƙaramin mai sana'a.

Ba Kano ce za ta fara wannan ba. A Amurka tun 1938 aka yi dokar da ta wajabta wa gwamnatin tarayya sayen wasu kayayyaki daga wuraren aikin makafi. Da tsintsiya da abin goge ɗaki aka fara, a 1971 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da masu sauran naƙasa mai tsanani, har alƙalamin da ake rubutu da shi a ofisoshin gwamnatin ƙasar ya zama makafi ne suke haɗa shi. Kenya kuma tun 2013 ta ware kashi 30 cikin 100 na kwangilolin gwamnati ga matasa da mata da naƙasassu, ta kuma sanya shi cikin dokar sayayyarta ta 2015. Jamus ta bi ta wata hanyar: duk kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye sai ya cike kashi 5 na gurabensa da masu naƙasa mai tsanani, in bai yi ba ya biya wani kuɗi da ake zubawa cikin asusun samar musu da aiki. Kowace daga cikin ƙasashen nan ta gane cewa nasiha kaɗai ba ta sa kasuwa ta buɗe wa wanda ta saba rufe wa ƙofa.

Idan ciniki ya tabbata, horo ma sai ya sauya kama. A maimakon a fara da tambayar me za a koya musu, sai a fara da abin da za a saya baɗi, da yawansa, da ingancin da ake so, sannan a horar da mutane a kansa. Hanyar koyon da ta fi karɓuwa a garin nan kuwa ita ce zama a gaban maigida. Yaron da ya shekara biyu a shagon tela a Fagge, ko rumfar gyaran waya a Farm Centre, ko wurin masu takalma a Ƙofar Wambai, ba ɗinki ko gyara kaɗai yake koya ba. Yana sanin inda ake saro kaya da araha, da wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, da yadda ake lallashin mai kaya idan aiki ya makara, kuma ranar da aka yaye shi da wasu daga cikin abokan cinikin maigidansa yake tashi. Wannan ne naƙasasshe yake rasawa idan aka ware shi a wata cibiya ta daban. Gwamnati ta yi yarjejeniya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a, ta biya maigida ladan koyarwa, rabi a farko, rabi bayan an tabbatar yaron ya shekara yana samun kuɗi da sana'ar. Ta ɗauki nauyin abin hawa, domin kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa ya hana gurgu zuwa wurin koyo tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ta gyara teburin aiki da mashiga da banɗaki, ta samar da masu fassara da maganar hannu. Cibiyoyin koyar da sana'a na jiha su ware gurabe, ɗaliban makarantar naƙasassu ta Tudun Maliki kuma a haɗa su da iyayen gida tun kafin su gama, kada su fito su tarar babu abin da ke jiransu. Sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero da Asibitin Ƙashi na Dala suna da masanan da za su faɗi irin gyaran da kowane aiki yake buƙata.

Za a ce kayan ba za su yi inganci ba, ko za su fi tsada. Amsar ita ce kada a sassauta ma'auni ko kaɗan. Rigar da ɗinkinta ya karkace a mayar da ita, bencin da ya yi rawa a ƙi karɓarsa, farashi kuma ya zama na kasuwa. Naƙasasshe mai sana'a ya fi kowa asara idan aka karɓi aikin banza don tausayi, domin sunan da zai bi shi ke nan. Za a kuma ce 'yan kwangila za su yi rajistar kamfani da sunan makaho, su ba shi na goro, su kwashe aikin. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma an yi kuka da irinsa a Kenya. Maganinsa a buɗe komai: a wallafa sunan kowace ƙungiya da adireshin wurin aikinta da adadin kayan da aka ba ta, a riƙa kai ziyarar ba-zata a ga su wa ke kan keken, a biya albashi ta asusun kowane ma'aikaci, a saka ƙungiyoyin naƙasassu da sarakunansu cikin masu tantancewa, domin sun san junansu gida-gida. Wanda aka kama da sojan gona a hana shi kwangilar jiha. Ha'inci yana shiga gina hanya da sayen magani ma, amma ba a daina gina hanya ba.

Wani zai ce masu lafiya ma suna yawo babu aiki, don me za a fifita wasu? Matashi mai lafiya da ya rasa aiki yana iya tura baro, ya yi dako a kasuwar Singa, ya ja adaidaita, ya tafi cin rani. Mafi yawan waɗannan hanyoyi a rufe suke ga makaho da gurgu, kuma rayuwarsu ta fi tsada, ga gyaran keke, ga ɗan jagora, ga magani. Kashi 95 na sayayyar yana nan ga kowa. Sannan zaman naƙasasshe babu aiki ba shi kaɗai yake cutarwa ba. Yaron da ke jan makaho zuwa bakin danja yaro ne da ba ya aji, a jihar da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Wani bincike da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2009 a kan ƙasashe goma na Afirka da Asiya ya ƙiyasta cewa ware naƙasassu daga aiki yana jawo asarar kashi 3 zuwa 7 cikin 100 na arzikin da ƙasa take samarwa a shekara.

Akwai kuma masu kishin naƙasassu da za su ce ware musu kwangila wata wariyar ce, za ta killace su a ɗinki da haɗa sabulu. Suna da hujja, domin a Amurka an soki wasu wuraren aikin da biyan naƙasassu ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Shi ya sa nake cewa su mallaki ƙungiyoyin da kansu, masu lafiya su yi aiki tare da su, kada ladan kowa ya gaza mafi ƙarancin albashin jiha. Jerin kayan ma kada ya tsaya a aikin hannu. Makaho mai digiri da ke aiki da kwamfuta mai karanta masa rubutu zai iya amsa kiran jama'a a cibiyar ƙorafi, kurma zai iya shigar da bayanai ko zanen gini. Cinikin gwamnati matakin farko ne. Ƙungiyar da ta ɗinka rigunan makarantun ƙaramar hukuma guda ta kai a kan lokaci, tana da abin nuna wa mai makarantar kuɗi da banki.

Saura maganar bara da sadaka. Kano ta yi dokar hana bara a tituna tun 2013, Hisbah ta sha kamawa, amma har yau mabarata suna nan, domin wanda aka kora daga titi aka mayar gida babu abin yi, yunwa za ta sake fito da shi. Jigawa ta fara ba naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata a 2007, abin yabo ne, amma kowa ya san abin da hauhawar farashi ta yi wa wannan kuɗi. Alawus wajibi ne ga tsoho da mai naƙasar da ba ta barin aiki, kuma zakka da sadaka haƙƙinsu ne da ba mai taɓawa. Wanda yake da ƙarfi da basira kuwa, addininmu bai ce a zaunar da shi ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ladani ne a Madina, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin garin a hannunsa idan zai yi tafiya. Wanda ya ce bara ta fi sana'a kawo kuɗi, ya gwada ta da sana'ar da ba ta da mai saye ne. A ba mutum aikin da ya san zai samu wata bayan wata, sannan a ga wanda zai zaɓi tsayuwa a rana tsakanin motoci.

Ranka ya daɗe, abin da nake roƙo bai wuce ikon ofishinku ba. Ku umarci ma'aikatun ilimi da lafiya su fitar da jerin kayan da za a iya saya daga naƙasassu a kasafin kuɗi mai zuwa. A yi rajistar masu sana'a da masu son koyo a mazaɓu 484 na jiha, tare da ƙungiyoyinsu. A fara gwaji da kayan makaranta da bencina a 'yan ƙananan hukumomi, na birni da na karkara. A aika wa Majalisar Dokoki gyaran da zai mayar da kason doka, don kada ya tafi da tafiyar gwamnati. A ƙarshen kowace shekara kuma a faɗa wa mutanen Kano naira nawa aka biya naƙasassu kuɗin kayan da suka yi, da mutum nawa ne har yanzu suke cin abinci da sana'ar da aka koya musu shekara guda bayan yaye su. Da waɗannan alƙaluma biyu ya kamata a auna shirin, kuma da su za a auna gwamnatin da ta yi shi.

Allah Ya taimake ku, Ya ba ku mashawarta na gari, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan Jihar Kano.